Babin Ƙarshe na Goggo Daso

Shekara ashirin da shida Goggo Daso tana buga tafireta
a kotun majistare ta Gombe,
yatsu goma, kunne biyu, baki ɗinke.
Ta ga mai shaida ya rantse yana sosa ƙeya,
ta ji ɓarawon akuya ya fi mai akuya kuka.
Alƙali na rubuta hukunci,
ita tana tsince abin da hukunci ya zubar a ƙasa.

Da ta yi ritaya ba ta sayi keken ɗinki ba,
ba ta kafa kaskon awara a ƙofar gida ba.
Littattafan rubutu ta sayo, dozin guda,
ta zauna gindin darbejiyarmu a Bolari
ta fara kashe mutane.

Na farko dillalin auduga ne,
a wata rijiya a Kumo aka tsamo shi,
hularsa a bushe, an ninke ta kan dutse.
Na biyu ɗan kamasho a Tashar Dukku.
Na uku a kindirmo ta zuba masa guba,
mako guda ba wanda ya sha fura a gidanmu.

Mai bin sawu kuwa Saja Hammadu,
ɗan sanda mai ciwon gwiwa da tsohon babur.
Ba ya mari, ba ya tsawa,
goro zai ba ka
ya zuba ido ya ga yadda hannunka zai ɓara.

Unguwa ta shiga taitayinta.
Mai awo ya daina yi mata ƙwange,
tela ya riƙa cika alkawari ranar da ya faɗa,
kowa na tsoron ya tsinci kansa a shafi na arba'in.

Ranar da aka kira ta Abuja karɓar kyauta
ni na riƙe mata jaka.
Zaure mai sanyi, tafi kamar ruwa kan kwanon rufi.
Aka miƙa mata gilashi mai nauyi da sunanta a jiki,
ta juya shi sau biyu, ta raɗa mini:
"Wanda ya zana wannan bahago ne, dubi ƙafar harafin."
Bayan shekara uku wata ta biyo baya.
Ta farko ke danne takardu in iska ta taso,
ta biyu ke tokare ƙofar ɗakinta.

Na taɓa tambayarta, "Goggo, ina kike ɓoye mai laifi?"
Ta tofar da ɓawon gyaɗa.
"Ni ban ɓoye kowa ba, Manu.
A shafi na uku nake shigo da shi,
ya yi sallama, a ba shi ruwa, ya gode.
Mai karatu ne ke kau da kai
don ya ga mutumin kirki."

Ran Laraba ta cika, bayan la'asar.
Hawan jini, in ji likita,
ba sawu, ba hula a bakin rijiya.
Babi goma sha ɗaya ta bari.
Na sha biyu lamba ce kaɗai a saman farar takarda,
biro kwance a kai, murfinsa duk tauna.

Mai gidan burodi na nan kwance a Pantami, bai huce ba,
Saja Hammadu ya miƙa goro
bai janye hannu ba har yau.

Masu ta'aziyya in sun shafa fatiha
sai su matso, murya ƙasa-ƙasa:
"Allah ya jiƙanta. To, wa ya kashe mai burodin?"

Daren sadakar bakwai na kunna fitila
na buɗe shafi na uku.
Mutum huɗu ne suka yi sallama,
duk an ba su ruwa, duk sun gode.
Ɗaya daga ciki
yana jan takalmi in yana tafiya,
yana gyaran murya kafin ya zauna.

Na rufe littafin, na gyara murya,
sai na ji kaina.